Miso da Man Shanu: Kimiyyar da Ke Cikin Cokali Guda

A tsibirin Hokkaido da ke arewacin ƙasar Japan, inda dusar ƙanƙara kan rufe gonaki watanni da dama a kowace shekara, akwai wani abinci da masunta suka yi fice da shi wanda ake kira cancan-yaki. Akan shimfiɗa ɓarin kifin salmon a kan faffaɗan ƙarfe mai zafi, a kewaye shi da kabeji da albasa, a shafe shi da wani tsimammen kwaɓin waken soya mai suna miso, sa'an nan daga ƙarshe a ɗora masa curin man shanu ya narke a kai. Wannan haɗi na miso da man shanu ya daɗe da barin bakin teku ya shiga gidaje. A yau uwargida a Sapporo ko Tokyo takan kwaɓa shi ta ajiye a firji, ta riƙa ɗiban cokali guda tana sa wa shinkafa ko masara ko dankali. Abubuwa biyu kacal ake bukata, kuma kwaɓin ba ya cin minti biyar. Amma kafin wannan cokali guda ya samu, sai da fumfuna da yisti da bakteriya suka yi aikin watanni, kuma wanda bai fahimci abin da suka bari a ciki ba yana iya ƙona shi a cikin minti ɗaya.

Mene ne miso?

Da waken soya da gishiri da wani abu da Japanawa ke kira koji ake yin miso. Shi koji turararriyar shinkafa ce, ko sha'ir, wadda aka barbaɗa wa irin wata fumfuna mai suna Aspergillus oryzae, aka ajiye ta a ɗaki mai ɗumi da laima na kimanin kwana biyu. Zafin da fumfunar ta fi so yana wajen digiri 30 a ma'aunin santigireti. Da yake ita kanta tana fitar da zafi yayin da take girma, masu sana'ar sukan riƙa juya shinkafar da hannu don kada zafin ya zarce digiri 40 ya yi mata lahani. Idan kwana biyun suka cika, sai a tarar da kowace ƙwayar shinkafa ta lulluɓe da farin gashi mai ƙanshi.

Amfanin wannan fumfuna shi ne sinadaran da take tsartowa don ta narkar da abincinta, waɗanda masana ke kira enzayim. Biyu daga cikinsu su ne ginshiƙai. Na farko, wato amiles, yana datsa sitacin shinkafa ya mai da shi sukari. Na biyu, wato furotiyes, yana warware furotin ɗin wake ya mai da shi ƙananan sinadarai da ake kira amino asid. Bayan an dafa wake an kirɓa, sai a cuɗe shi da koji da gishiri, a danna a cikin babban mazubi, a ɗora masa nauyi. Gishirin da rashin iska sukan tsai da girman fumfunar, amma enzayim ɗin da ta riga ta saki sai su ci gaba da aikinsu a hankali. Gishirin nan kuma shi ne mai gadin ƙofa, domin yana hana yawancin ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci sakewa, ya bar ƙalilan masu jure masa. Daga cikinsu akwai bakteriya mai suna Tetragenococcus halophilus da ke kawo ɗan tsami, da yisti mai suna Zygosaccharomyces rouxii da ke samar da yawancin ƙanshin.

Gwargwadon koji da gishiri da tsawon lokacin tsimuwa shi ne ke rarrabe nau'o'in miso. Farin miso irin na Kyoto yana da shinkafa da yawa, gishirinsa kashi 5 zuwa 7 ne cikin ɗari, kuma cikin makonni kaɗan yake nuna, shi ya sa yake da zaƙi. Jan miso yakan ɗauki watanni har zuwa shekara ko fiye, gishirinsa kuwa yakan kai kashi 11 zuwa 13 cikin ɗari. Akwai kuma na garin Okazaki da ake kira hacco, wanda babu shinkafa a cikinsa sam, ana tsima shi fiye da shekara biyu a manyan gangunan katako da aka jibge wa duwatsu, har ya yi duhu kamar baƙar daddawa. Lardin Nagano kaɗai ke samar da kusan rabin mison da ake yi a Japan. Darajar wannan fumfuna a wurin Japanawa ta kai ga a shekarar 2006 ƙungiyar masana tsimi ta ƙasar ta ayyana ta a matsayin fumfunar ƙasa.

A nan akwai gargaɗi ga ɗalibin da zai yi sha'awar gwadawa. Aspergillus oryzae 'yar'uwa ce ta kusa ga Aspergillus flavus, fumfunar da ke kama gyaɗa da masara idan an adana su da danshi, wadda ke fitar da dafin aflatoksin mai lalata hanta da jawo mata ciwon daji. Wannan dafi ne ya kashe talotalo kimanin 100,000 a Ingila a 1960 bayan an ciyar da su da tunkuzar gyaɗa, kuma girki na yau da kullum ba ya kawar da shi. Fumfunar koji ba ta fitar da shi, amma da ido ba a iya tantance ta daga 'yar'uwarta. Saboda haka ba a yin koji ta hanyar barin shinkafa ta yi fumfuna da kanta. Daga tsarkakakken irin da kamfanoni na musamman ke sayarwa ake fara shi.

Yadda man shanu ya isa Japan

Miso ya yi ɗaruruwan shekaru a tukunyar Japanawa kafin ya gamu da man shanu. Tun a shekarar 675 Sarki Temmu ya hana cin naman shanu da dawaki da wasu dabbobi, kuma a ƙarnonin da suka biyo baya saniya ta zama dabbar noma da dako, ba ta tatsa ba. Sai bayan juyin mulkin Meiji na 1868 al'amarin ya sauya. Sabuwar gwamnati ta kafa hukumar raya Hokkaido a 1869, ta kuma ɗauko ƙwararru daga waje, ciki har da wani Ba'amurke mai suna Edwin Dun wanda ya koyar da kiwon shanun madara a kusa da Sapporo. Da farko mutane ba su so warin man ba, har harshen Japananci ya sami kalmar bata-kusai, ma'ana mai warin man shanu, wadda ake jifan duk abin da ya cika kama da na Turawa da ita. A yau kuwa fiye da rabin madarar Japan daga Hokkaido take fitowa. A birnin Sapporo ne kuma aka ƙirƙiro taliyar ramen mai romon miso a shekarun 1950, daga baya aka shiga ɗora mata masara da yankin man shanu. A 2009 wani mai dafa abinci na birnin New York, David Chang, ya sa kwaɓin miso da man shanu a littafinsa mai suna Momofuku, abin da ya ƙara yaɗa shi a gidajen Amurka da Turai.

Abin da kowanne ke ba ɗan'uwansa

Harshen ɗan'adam yana gane ɗanɗano biyar: zaƙi, tsami, ɗaci, gishiri, da na biyar da Japanawa suka raɗa wa suna umami, wato garɗin nan da ake ji a romon nama. Farfesa Kikunae Ikeda na jami'ar Tokyo ne ya gano a 1908 cewa wani amino asid mai suna gulutamet ne ke kawo shi, kuma a shekara mai zuwa aka fara sayar da shi da sunan Ajinomoto, wanda a kasuwannin ƙasar Hausa aka fi sani da farin magi. Wajen 2002 masana suka tabbatar da ainihin makarɓar wannan ɗanɗano a jikin harshe. Furotin ɗin waken soya cike yake da gulutamet, amma muddin yana ɗaure a cikin furotin harshe ba ya jin sa. Aikin furotiyes a watannin tsimuwa shi ne kwance shi. Ke nan miso yana ɗauke da gishiri da garɗi da ɗan zaƙi da ɗan tsami, duka a dunƙule, kuma duka abubuwa ne masu narkewa a ruwa. Aibinsa shi ne ƙarfi: wanda ya lasa jan miso tsagwaronsa, gishiri ne zai fara dukan harshensa.

Man shanu kuwa kusan kashi 80 zuwa 82 cikin ɗari kitse ne, kimanin kashi 16 ruwa, ɗan abin da ya saura kuma furotin ne da sukarin madara. Ba shi da wani garɗi na a zo a gani, amma yana da halaye biyu da miso ba shi da su. Na farko, yana narkewa a tsakanin digiri 32 da 35, wato ƙasa kaɗan da zafin jikin mutum na digiri 37, shi ya sa yake malalewa a baki ya shafe ko'ina. Na biyu, yawancin sinadaran ƙanshi sun fi narkewa a mai a kan ruwa, don haka mai yakan riƙe su ya riƙa sakinsu sannu a hankali maimakon su tashi gaba ɗaya. Idan aka haɗa su biyun, man yakan rarraba mison zuwa ƙananan ɓurɓushi da ke isa ga harshe kaɗan-kaɗan, kaifin gishirin ya ragu, ƙanshin ya daɗe. Shi kuma mison ya ba man ɗanɗanon da ba shi da shi, ɗan tsaminsa ya rage masa gundura.

Akwai wani sirri kuma da ya sa haɗin ya fi dacewa da kifi da nama. Tsokarsu tana ƙunshe da wani sinadari mai suna inosinet, wanda masanin Japan Akira Kuninaka ya nuna cewa idan ya haɗu da gulutamet, garɗin da harshe ke ji yakan ninka sau da dama fiye da jimillar na kowannensu shi kaɗai. Masuntan Hokkaido ba su san sunan sinadarin ba lokacin da suka fara shafa wa kifinsu miso, amma abin da ke faruwa a kan ƙarfen nan nasu ke nan.

Kwaɓawa

Ma'aunin da aka fi bi shi ne kashi biyu na man shanu, kashi ɗaya na farin miso: alal misali giram 100 na mai da giram 50 na miso. Idan jan miso ne, sai a rage shi zuwa kashi ɗaya cikin huɗu na man, wato giram 25. Ana son man da ba a sa wa gishiri ba, domin mai gishiri yana zuwa da kashi ɗaya da rabi zuwa biyu cikin ɗari na nasa, ga kuma na miso.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne yanayin man a lokacin kwaɓi. Ana son ya yi laushi har yatsa ya iya lotsa shi, amma kada ya narke. Wannan yakan samu a wajen digiri 18 zuwa 20. Dalili kuwa shi ne, man shanu ba abu guda ba ne. Ɗigo-ɗigon ruwa ne ƙanana ƙwarai da suka maƙale a cikin kitse, shi kuma kitsen wani sashensa daskararre ne, wani sashen ruwa-ruwa. Daskararren sashen yana kama da raga, shi ke riƙe ɗigon ruwan a wurarensu. Miso kuwa kusan rabinsa ruwa ne, kuma kowa ya san ruwa da mai ba sa ga maciji. Idan man yana da laushi, cokali yakan tura ɓurɓushin miso cikin wannan raga su maƙale. Idan ya narke, ragar ta rushe ke nan, sai mison ya dunƙule ya nutse ƙasa, man ya taso sama. Idan kuma ya yi sanyi da yawa, sai ya ƙi karɓar komai, ya riƙa farfashewa. Saboda haka a ƙasa mai zafi, inda ɗaki kan wuce digiri 35 a watan Afrilu, mai kwaɓi ba zai bar man ya daɗe a waje ba. Yana iya ɗora kwanon a cikin wani kwano mai ruwan sanyi yayin da yake juyawa.

Da cokali mai yatsu ake murza su har launin ya zama ɗaya, ba a ganin zane-zane. Wasu sukan ƙara ɗan citta ko tafarnuwa ko zuma ko ɓawon lemun tsami da aka kankare. Daga nan sai a zuba a kan takarda mai hana maiƙo, a naɗe shi kamar sanda, a sa a firji ya daskare, a riƙa yanka gwargwadon bukata.

Wuta

Yawancin kuskuren da ake yi da wannan haɗi a kan wuta ake yin sa. A 1912 wani masani Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, ya bayyana yadda amino asid da sukari ke haɗuwa su ba da launin ƙasa-ƙasa da ƙanshi; wannan ne ke gasa ɓawon burodi, shi ne kuma ke ba tsire launinsa. Wannan haɗuwa ce ke mai da miso ja a hankali cikin watannin tsimuwa. A ɗanyen nama sai zafi ya yi aiki kafin ta kankama, amma a miso an riga an kwance amino asid, an kwance sukari, suna zaune gefe da gefe suna jira. Da zarar sun taɓa kasko mai zafi sai su yi ja nan take, in aka ƙara 'yan daƙiƙoƙi su yi baƙi su yi ɗaci. Shi ma man shanu furotin ɗinsa yakan fara ƙonewa tun daga wajen digiri 150, ƙasa da zafin da ake suya da man gyaɗa.

Don haka ba a suya da shi. Akan soya kifi ko kaza ko kayan lambu da mai na yau da kullum, sai an kusa saukewa, ko ma bayan an kashe wuta, a jefa cokali guda a juya ya lulluɓe abincin. Matan Japan sun daɗe da sanin haka game da miyar miso: ba sa barin ta tafasa bayan sun dama mison, domin ƙanshin da yisti ya yi watanni yana tarawa yakan bi tururi ya gudu. A kan shinkafa mai zafi, ko gasasshiyar masara, ko dafaffen dankalin Turawa da aka tsaga, ba a ma bukatar wuta, zafin abincin ya isa. Ga taliya kuwa akwai dabara: a rage ludayi ɗaya na ruwan da aka dafa ta, a zuba shi tare da haɗin, a juya da ƙarfi a kan wuta kaɗan. Sitacin da ke cikin ruwan, tare da furotin ɗin madara da na wake, sukan kewaye ɗigon man su hana su komawa su haɗe, sai a sami romo mai kauri da sheƙi. In aka bari ya tafasa sosai, sai ya tsinke, mai ya koma yawo a sama.

Daddawa

Mai karatu a ƙasar Hausa zai ga cewa wannan tsari ba baƙo ba ne gaba ɗaya. Tuwo da miyar kuka da aka zuba wa man shanu, garɗinsa daga gulutamet ɗin daddawa yake fitowa, man kuma yana yin aikin da aka bayyana a sama. Amma daddawa ba miso ba ce. Kalwar ɗorawa, ko waken soya da wasu ke amfani da shi a madadinta, bakteriya ce mai suna Bacillus subtilis ke tsima ta cikin kwana biyu zuwa uku, ba tare da gishiri ba, kuma tana fitar da iskar amoniya, wadda ita ce ke ba daddawa warinta mai ƙarfi. Ba ta da zaƙin shinkafa, ba ta da tsami. 'Yar'uwarta ta haƙiƙa a Japan ita ce natto, wadda wannan bakteriyar ce ke yin ta. Haka kuma soyayyen man shanu an riga an kore ruwansa, tsarin nan na ɗigon ruwa a cikin kitse ya rushe, don haka ba zai riƙe miso kamar ɗanye ba. Ɗalibai za su iya ganin wannan bambanci a aji da kofi biyu: a sa man shanu mai laushi a ɗaya, narkakke a ɗayan, a juya rabin cokalin kwaɓaɓɓen tumatirin gwangwani a kowanne a madadin miso, a ajiye na minti goma, a duba inda jan ya tsaya.

Lissafin gishiri da kitse

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada baligi ya wuce giram 5 na gishiri a rana, saboda alaƙarsa da hawan jini. Giram 50 na farin miso mai kashi 6 cikin ɗari yana ɗauke da giram 3 na gishiri. A cikin haɗin giram 150, wannan ya zama kashi 2 cikin ɗari, wato babban cokali ɗaya mai giram 15 yana da kimanin giram 0.3. Da jan miso mai kashi 12 aka yi amfani a kan wannan ma'auni, da adadin ya ninka. Wannan ba shi da yawa, in dai haɗin ya maye gurbin gishiri da dunƙulen magi a cikin abincin. Matsalar tana zuwa ne idan aka tara su duka a tukunya ɗaya.

Kitsen ne ya fi bukatar lura. A cikin cokalin nan akwai giram 10 na man shanu, kuma kusan rabinsa, wato giram 5, daskararren kitse ne irin wanda ke ɗaga kolestarol a jini. Hukumar ta ce kada irin wannan kitse ya wuce kashi 10 cikin ɗari na kuzarin da mutum ke samu daga abinci, abin da ya kama kimanin giram 22 ga mai cin kalori 2,000 a rana. Cokali guda ya ci kusan rubu'in wannan kaso.

Ga Musulmi akwai ƙarin abin dubawa a jikin kwali. Yisti yakan samar da ɗan sinadarin barasa yayin tsimuwa, kuma wasu kamfanoni suna ƙara kaɗan da gangan don su tsai da tsimuwar kada leda ta kumbura a kanti. Idan sun ƙara sukan rubuta a jerin kayan haɗi. Akwai kamfanonin Japan da ke yin miso mai ɗauke da shaidar halal. Romon ramen na Sapporo kuwa galibi da ƙashin alade ake dafa shi.

Haɗin yakan yi mako ɗaya zuwa biyu a firji, ya yi kimanin wata uku a firiza. In an sa masa ɗanyar tafarnuwa, gara a cinye shi cikin kwanaki kaɗan. Ana naɗe shi da kyau a kuma rufe, domin iska da haske suna sa kitse ya yi ɗoyi, kuma halin nan na mai na riƙe ƙanshi yana sa ya kwashi warin albasa ko kifin da aka ajiye kusa da shi.